Sharhi: Bukkokin DNT da tafiyar zamiya a tsaunin Hardangervidda

Duk wanda karatu ko aiki ya kawo shi Norway, ba zai daɗe ba abokan zama za su fara yi masa tayin "mu je bukka". Na amsa tayin a watan Maris, muka hau jirgin ƙasa na Oslo zuwa Bergen, muka sauka a Finse, tashar da ke mita 1,222 sama da teku, inda mota ba ta zuwa. Daga bakin tashar ake ɗaura allunan zamiya a ƙafa, a kama sanduna biyu, a shiga farin filin ƙanƙara na Hardangervidda.

Bukkokin na DNT ne, ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta Norway, wadda aka kafa a 1868, kuma tana da fiye da 500 a faɗin ƙasar. Wasu da ma'aikata masu dafa abinci, wasu gado da murhu kawai. Waɗanda suka fi burge ni su ne na tsakiya: ba mai gadi, ba mai sayarwa, amma ɗakin ajiya cike da abinci. Mamba yana ajiye ɗan kuɗi a ba shi makulli guda, makullin nan ne ke buɗe su. Ka shiga, ka ɗauki gwangwanin kifi, garin miya, hatsin kunu, ka rubuta abin da ka ci, ka biya ta manhajar waya. Babu wanda zai ƙirga bayanka. Fiye da ƙanƙarar da tsaunukan, wannan amanar ce ta sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Amma a sani, hutu ne mai aiki. Kai za ka hura wuta a murhun itace, ka ɗebo dusar ƙanƙara a bokiti ka narkar, kuma bokiti cike ruwan da yake bayarwa kaɗan ne. Fitila kyandir ce. Ban-ɗaki yana waje, a wani ɗan gini na daban, zuwa can da tsakar dare cikin iska sai da shawara da zuciya. Kafin ku tafi za ku share, ku wanke kwanuka, ku shigo da itace domin na baya. Bargo akwai, zanen gado kuwa naka za ka zo da shi. In an cika, al'adarsu ba a mayar da baƙo, ko katifa a ƙasa ce za a shimfiɗa maka, sai dai ka haƙura da minsharin mutanen da ba ka sani ba.

Ga 'yan'uwa Musulmi: a duba gwangwanin nama da kyau, in ka ga "svin" to alade ne. Ruwan alwala kuma ka ɗumama tun da dare ka zuba a filas, asuba a nan ba wasa.

Hanyar kanta shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangara mai ban tsoro, kuma a wannan lokacin ana kafa rassan itace jere cikin ƙanƙara don nuna hanya. Kada sauƙin ya ruɗe ka. Hardangervidda fili ne mara bishiya a saman tsauni. Hazo da iska na sauka sai ƙasa da sama su zama abu ɗaya, reshe na gaba ma ba ka gani. Roald Amundsen, shahararren mai binciken yankunan ƙanƙara ɗan Norway, da kansa ya kusa halaka a nan a 1896, tun kafin ya je ƙarshen kudancin duniya.

Tsada akwai, musamman jirgi da hayar kaya. Takalman da na yi haya a wani shago sun ci mini dunduniya, don haka a gwada su da safa mai kauri kafin a biya. Wanda bai taɓa zamiya ba ya fara koyo a dajin Nordmarka da ke bayan Oslo, sannan ya bi ayarin da ke da jagora, da taswira, kamfas da shebur a jaka.