Gargaɗi ga mutanen Zariya kan masu tallar "tausa har gida"

Assalamu alaikum jama'a. Wannan jan kunne ne ga mutanen Zariya da kewaye, musamman gidajen da ke da majinyaci a kwance: mai shanyewar ɓarin jiki, tsohuwar da gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, magidancin da ƙugu ya riƙe ba ya iya ruku'u. Wasu sun mayar da sunan tausa hanyar cin kuɗin bayin Allah. Tallarsu ta cika Facebook da TikTok, kuma tana yawo a zaurukan WhatsApp na unguwa da na 'yan uwa, inda mutum zai tura wa ɗan uwansa da kyakkyawar niyya, bai san tarko ya miƙa masa ba.

Tallar kusan iri ɗaya ce. Hoton gado fes, farin tawul a naɗe, kyandir a gefe, da wata mata cikin fararen kaya wadda daga gani ka san ba a ƙasar nan aka ɗauki hotonta ba. A ƙasa an rubuta cewa ƙwararru ne, suna zuwa har gida, Samaru, Sabon Gari, Tudun Wada, Hanwa, cikin birni, mace ga mace, namiji ga namiji. Sai a jero abin da suke warkarwa: shanyewar ɓarin jiki, sanyin ƙashi, hawan jini, ciwon suga, rage tumbi, har da rashin haihuwa. Lambar waya guda ɗaya. Adireshi kuwa babu, in ka matsa sai a ce maka "muna wajen PZ", ko "muna bayan GRA".

Wata baiwar Allah a layinmu ta faɗa hannunsu saboda mahaifiyarta, wadda ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na ga hirar da idona a wayarta. Da ta yi sallama, amsar farko da ta samu ita ce: "Sannu Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Ki tura naira 5,000 kuɗin rajista mu riƙe miki gobe da safe, mutane sun yi yawa." Ta tura. Washegari sai ga saƙon murya, muryar mace mai ladabi, ana jin ƙarar motoci a bayanta: "Hajiya mun taso, ga mu a Kwangila, motarmu ta tsaya. Don Allah ki taimaka da 3,000 mu ɗauki keke da kayan aiki, za a cire a cikin kuɗinki." Ta tura. Bayan ɗan lokaci aka ce shugaban kamfani ya hana a fita da na'ura sai an ajiye jinginar 15,000, da zarar an gama aiki za a mayar mata a hannu. A nan ma ta tura, domin an riga an yi wa tsohuwa wanka, an shimfiɗa sabon zanin gado, an zaunar da ita tana jira tun hantsi. Da la'asar ta kira, waya ba ta shiga. An toshe ta, hoton da ke kan lambar ma ya ɓace.

Kada wani ya yi saurin cewa wauta ce. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma mutanen nan sun san haka. Shi ya sa ba sa neman kuɗin a dunƙule. Da sun ce mata tun farko ta tura 23,000 ga wanda ba ta taɓa gani ba, da ta tsaya ta yi shawara da mijinta. Amma sai su gutsura kaɗan-kaɗan, kowane biya yana jawo na gaba, kana tsoron kada na baya ya tafi a banza. Kuma kowane kuɗi a asusu daban aka ce ta tura, sunaye uku mabambanta, babu wanda ya yi kama da sunan da ke kan tallar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai da na karanta hirar nan daga sama har ƙasa shi ne, ko sau ɗaya ba su tambayi halin da majinyaciyar take ciki ba. Ba su ce yaushe abin ya same ta ba, ba su ce wane magani take sha ba, ba su ce likita ya gan ta ko bai gan ta ba, ko shekarunta ba su nema ba. Duk tambayarsu a kan kuɗi ta tsaya: kin tura? Alat bai shigo ba, turo rasit.

Mai aikin gaske ba haka yake farawa ba. Kafin ya ɗora hannu a jikin mutum sai ya yi tambayoyi har ka fara ƙosawa. Ina ne ke ciwo, tun yaushe, da faɗuwa ya fara ko haka kawai? Akwai hawan jini ko suga? An taɓa yin tiyata? Akwai juna biyu? Ana shan maganin tsinka jini? Ba don iyayi yake yi ba. Akwai yanayin da tausa kanta ke zama haɗari. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, sha-raɓa tana ciwo, musamman ga wanda ya daɗe a kwance ko mai jego, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. A murje wannan ƙafar, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, kuma a kan rasa rai a haka. Ba a tausa a kan karaya, ko buɗaɗɗen rauni, ko ƙurji, ko lokacin da mutum ke cikin zazzaɓi. Mai shan maganin tsinka jini in an danne shi da ƙarfi sai jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Duk wanda ya koyi aikin ya san waɗannan, kuma wani lokaci ƙarshen tambayoyinsa shi ne ya ce maka yau ba zai taɓa ka ba, ka fara zuwa asibiti.

Sauran abin da ya kamata ka gani ba shi da wuya. Za a faɗa maka farashi gaba ɗaya tun kafin a fara, da tsawon lokacin, wanda galibi yakan kama daga minti 30 zuwa awa ɗaya. Akwai wurin da za ka iya takawa da ƙafarka ka gani. Ba a tuɓe mutum tsirara. Ana lulluɓe jiki da zani ko tawul, a buɗe gaɓar da ake aiki a kai kaɗai, a rufe kafin a matsa gaba. Mace ce ke yi wa mace, kuma in ta ce 'yarta ko ƙanwarta za ta zauna a ɗakin, ba mai hana ta. Zai riƙa tambaya ko dannawar ta yi yawa, in ka ce a tsaya a nan take za a tsaya. Jiki na iya yin ɗan tsami kwana ɗaya ko biyu bayan an gama, wannan ba komai ba ne. Amma maganar "sai ya yi zafi yake aiki" ƙarya ce da ake rufe rashin iyawa da ita.

Mu Hausawa ba baƙin tausa ba ne. Ungozoma tana yi wa mai jego, jikoki suna taka wa kaka baya, ga maɗori, ga wanzami da ƙahonsa. Dukkansu an san gidajensu, an san iyayensu, kuma sai sun gama aiki ake sallamarsu. Ban taɓa jin ungozomar da ta ce a tura mata kuɗin rajista ba.

Akwai kashi na biyu, kuma a ganina sun fi na farko illa, domin su suna zuwa. Za su shigo da farar riga irin ta likitoci, da kwamfuta a jaka. A ba majinyaci wani ɗan ƙarfe ya riƙe a tafin hannu, cikin minti ɗaya ko biyu sai allo ya cika da zane-zane ja da kore, a ce na'ura ta duba hanta, ƙoda, ƙashi, jini, duka a lokaci guda. Babu wani ƙarfe da za ka riƙe a hannu ya auna ƙodarka. Wanda ya taɓa yin gwajin ƙoda a asibiti ya san jini ake ɗiba a kai ɗakin gwaji. Wani lokaci kuma roba ce za a cika da ruwan ɗumi da gishiri, a jefa wani abu mai waya a ciki, a ce ka tsoma ƙafafu. Ruwan zai koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya yi kumfa, su nuna maka suna girgiza kai: "Alhaji dubi dattin da ke fita daga jikinka." Tsatsar ƙarfen da ke cikin ruwan ce, lantarki da gishiri ke cinye shi. Ka ce su kunna ba tare da ka sa ƙafa ba, ruwan zai canza launi haka nan. Ba za su yarda ba.

Duk wannan shimfiɗa ce. Inda za a je shi ne a sayar maka da "cikakken tsari", wato za su zo sau goma ko ashirin, a biya gaba ɗaya, haɗe da kwalaben magani da man shafawa da babu sunan kamfani a jiki. In ka yi maganar NAFDAC sai a nuna maka wata lamba. A sani, ko lambar ta gaskiya ce, abin da take nunawa a kan maganin gargajiya shi ne an duba ba ya cutarwa; ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da mai talla ya ce. Mafi muni shi ne a ce wa mai hawan jini ya ajiye maganin asibiti "don kada su yi karo". Mutumin da hawan jini ya riga ya shanye masa ɓarin jiki sau ɗaya, in ya bar maganinsa, ƙofar na biyu aka buɗe masa.

Ga kuma jan hannu. Hannun da ya shanye naman kafaɗarsa ya saki, ba ya riƙe gaɓar yadda ya saba. Wanda bai sani ba zai kama hannun ya fizga, ya ɗaga sama da ƙarfi wai yana "buɗe jijiya", tsohuwa tana kuka yana cewa a yi haƙuri. Haka ake gurɗa kafaɗa a ƙara wa majinyaci wani ciwon da zai hana shi barci. Haka ma mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi: a gasa masa da ruwan zafi, ya ƙone bai sani ba, gyambon ya ƙi warkewa.

Mai shanyewar ɓarin jiki aikin likitan gashin ƙashi yake buƙata, kuma tausa ƙaramin ɓangare ne na wannan aikin. Jigon shi ne motsa jiki da ake maimaitawa kullum, koyon juyawa a gado, zama, tsayuwa, taku, riƙe cokali, tare da koya wa 'yan gida yadda za su ci gaba. Sauƙin da ake samu ya fi yawa a watannin farko, don haka duk makon da aka ɓata wajen mai robar ruwa ba ya dawowa. Muna da sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Eh, akwai layi, akwai kuɗin mota, akwai wahalar ɗaukar majinyaci, ban musa ba. In sai dai a zo gida, to a asibitin za a tambaya a haɗa ku da wanda aka sani. Likitan gashin ƙashi aƙalla shekara 5 yake yi a jami'a, ya ƙara shekara 1 ta horo a asibiti, sannan yana da rajista da MRTB, hukumar da ke kula da masu wannan aikin, wadda aka kafa da doka ta 38 ta shekarar 1988. Yana da lambar rajista da lasisi, kuma ba ya jin haushi don ka nemi gani. Wanda ya murtuke fuska ya ce "ba ka yarda da ni ba ne?", to kada ka yarda ɗin.

Maza, wata magana a taƙaice, kun gane inda na dosa. Tallar da ke ɗauke da hoton budurwa ana cewa ka zo wani masauki kai kaɗai, ko a fara hira ta bidiyo tukuna, ba tausa ake sayarwa ba. Ana naɗar hoton mutum, washegari a ce ya biya ko a tura wa iyalinsa da abokan aikinsa. Wanda ya biya sau ɗaya za a dawo masa. Sannan ko wane iri ne, kada a bar baƙo ya shiga har ƙuryar ɗaki a lokacin da mata da yara ne kaɗai a gida.

Idan an riga an karɓe maka kuɗi, kada kunya ta sa ka yi shiru, don da shirun suke samun na gaba. Kada ka goge hirar. Ka ɗauki hotonta duka, da tallar, da lambar wayar, da rasit na kowane kuɗi. In wajen mai POS ka tura, ka koma ya fitar maka da shaidar. Ka je bankinka a ranar, ka shigar da ƙorafi a rubuce, domin asusun da ya karɓi kuɗin yana ɗaure da BVN ko lambar katin ɗan ƙasa ta wani, kuma in an yi sauri banki na iya neman a riƙe abin da ya rage a ciki. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma EFCC tana da ofishi a Kaduna. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda ya karɓi dukiyar mutum da yaudara, don haka ba ƙaramin laifi kake kai ƙara a kai ba, ko da naira 5,000 ce. Ka kuma koma zauren da ka ga tallar ka faɗa wa mutane a fili, tare da hoton tallar.

Bayan kwana biyu wani na iya kiranka da sabuwar lamba, ya ce shi jami'in banki ne ko ɗan sanda, an kama mutanen, za a dawo maka da kuɗinka, amma ka turo kuɗin buɗe fayil ko ka karanto masa lambobin da za su shigo wayarka yanzu. Su ne dai suka sake murya. Kada ka karanta masa komai, ka kashe wayar, ka rubuta lambar ka haɗa da sauran shaidun da za ka kai.