Karatun kiɗa a Amurka: konsabatori ko kwalejin libral ats?

Tun da ƙanwata ta fara maganar tana son karanta kiɗa a Amurka nake ta bincike, kuma abin da na fara ganewa shi ne makarantun nan ba iri ɗaya ba ne, mutane na haɗa su a kwando ɗaya alhali akwai tazara babba.

Akwai konsabatori, wato makarantar da kiɗa ne ginshiƙinta, irin su Juilliard a Niyok da Curtis a Filadelfiya da Berklee a Boston wadda ta fi ƙarfi a jaz da kiɗan zamani. Can digirin da aka fi bayarwa shi ne BM, wato digirin farko na kiɗa, kusan kashi biyu cikin uku na kwasakwasanka kiɗa ne zalla, kuma ba sa kallon sakamakon sakandare kamar yadda suke kallon hannunka, sai ka tura bidiyo wajen farkon Disamba su tace, in ka tsallake a kira ka odishin, wato ka yi kiɗa a gabansu su gwada ka. Curtis ba a biyan kuɗin makaranta tun 1928, amma fa duk ɗalibanta ba su kai 200 ba, to ka ga samun gurbi sai wanda ya taso da fiyano ko bayolin tun yana ƙarami.

Ita kuwa libral ats ƙaramar kwaleji ce, yawanci ɗalibai wajen 2,000, digirin farko suka fi mayar wa hankali. A nan BA za ka yi, kiɗa ya ɗauki kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran ka cike da tarihi ko lissafi ko kwamfuta ko duk abin da ranka ke so, kuma galibi ba sai ka yi odishin kafin a ɗauke ka ba, kana dai iya haɗa rikodin ɗinka da takardun neman shiga don su ji. Gaskiya wannan ce ta fi kwanta min a rai ga yaro ɗan shekara 18 da yake son kiɗa amma bai rantse cewa shi kaɗai zai ci da shi ba. Ajin ƙarami ne, farfesa da kansa ke koyarwa, kuma tunda babu 'yan mastas da za su mamaye wuri, ɗan aji ɗaya ma yana samun kujera a ƙungiyar makaɗa.

Amma a yi hattara, nan ne ake tafka asara. Wata kwalejin sunanta ya yi tashe amma sashen kiɗanta malamai ne ƙalilan, mai koyar da kayan kiɗanka ma daga wani gari yake zuwa sau ɗaya a sati. Don haka kafin ka biya kuɗin fom ka tura musu imel ka tambaya, wa zai koya min, darasin ni da malami yana cikin kuɗin makaranta ko daban ake biya, ɗakunan gwaji nawa ne kuma ƙarfe nawa ake rufewa. In kowa a wurin kiɗa sha'awa ce kawai gare shi, kai da kake son ka goge ba za ka samu wanda zai ja ka gaba ba.

Akwai na tsakiya kuma, kwalejojin da suke da konsabatori a cikinsu. Oberlin a Ohayo ita ce uwa a wannan, konsabatorinta tun 1865, kana iya haɗa BA da BM a shekara 5. Lawrence a Wiskonsin haka, Bard a jihar Niyok ma haka, Bard kam ɗaliban konsabatorinta dole ne su yi digirin biyu. Sai dai aiki ne ja, da safe lakca da rana gwaji da dare jinga, ga kuɗin ƙarin shekara guda. Mai son waƙar taro, wato kwaya, ya duba St. Olaf a Minesota, mai son nazarin kiɗan al'ummu kuma ya duba Wesleyan a Konetikat, sun daɗe suna koyar da kiɗan gangunan Gana da gamelan, wato kiɗan gargajiya na Indunusiya, wanda ya taso da kalangu ko gurmi a kunne zai samu masu ɗaukar abinsa da daraja a can.

Sai kuɗi. Da yawa daga cikinsu in ka haɗa karatu da ɗaki da abinci sun haura dala 80,000 a shekara, kuma bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarda ka yi aiki a sati cikin makaranta lokacin zangon karatu, ba zai cike ramin ba. Konsabatori ta fi ba da sikolashif gwargwadon iyawarka a odishin, manyan libral ats kuma gwargwadon ƙarfin gidanku, Amherst ma ba ta duba aljihun ɗalibin waje wajen ɗauka kuma tana cike duk abin da ya gaza. Ita ƙanwata mun tsayar da Amherst da Wesleyan da Lawrence, yanzu rikodin ɗinta muke shiryawa.