Madubin hangen nesa mai lamba 8x42: shekara biyu da shi a bakin tafki da gandun daji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafki da sassafe ya san takaicin hango wani abu a tsallaken ruwa, ido ya kasa tantance ko zalɓe ne ko kututturen itace. Wannan takaicin ne ya sa na sayi madubin hangen nesa mai ido biyu shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga lokacin ban ƙara shiga gandun daji ko zuwa bakin ruwa ba sai da shi rataye a wuyana. Nawa mai lamba 8x42 ne, daga cikin masu matsakaiciyar daraja, bai kai sahun na manyan kamfanoni irin su Zeiss ko Swarovski ko Leica ba, amma ya yi wa na wasan yara nisa ƙwarai. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera shi ba, domin kusan kowane kamfani yana da irinsa, kuma abin da zan faɗa ya fi shafar lambar da ƙirar fiye da tambarin da ke jikinsa.

Lambobin nan biyu su ne sirrin kowane madubi. Ta farko, wato 8, tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, ta yadda tsuntsun da ke nisan mita 80 zai bayyana kamar yana mita 10 daga inda mutum yake. Ta biyu, wato 42, faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita, kuma ta nan haske ke shiga. Lokacin da na je saye zuciyata ta fi karkata ga mai lamba 12, saboda na ɗauka babbar lamba ita ce babban aiki. Wani dattijo da ya daɗe yana kallon tsuntsaye ya miƙa mini nasa mai lamba 12, ya ce in karanta rubutun wani allo da ke can nesa. Rubutun ya yi girma, amma sai rawa yake yi, domin madubin da ya ninka girman abu sau goma sha biyu haka yake ninka rawar hannu, har da bugun zuciya. Da na ɗauki mai lamba 8, rubutun ya ƙanƙance kaɗan amma ya tsaya cak, na karanta shi ba wahala. A nan na sauya ra'ayi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Akwai wata fa'idar da ban gane ba sai da na shiga daji sosai, ita ce faɗin filin da ido ke gani. Galibin masu lamba 8x42 suna nuna fili mai faɗin mita 120 zuwa 140 a nisan mita 1,000, masu lamba 10 kuwa nasu ya fi ƙunci. A bakin tafki, inda tsuntsu kan tsaya wuri ɗaya, bambancin ba ya damun mutum. Amma a cikin kurmi, inda ƙaramin tsuntsu ke tsalle daga reshe zuwa reshe, ko sa'ad da garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya daga kan ruwa, mai ƙuncin fili yakan ɓata lokacinsa yana lalube, kafin ya kama abin da yake nema ya riga ya wuce.

Inda madubin nan ya fi burge ni shi ne tsakanin asuba da fitowar rana, da kuma dab da magariba, lokutan da namun daji suka fi fitowa shan ruwa. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Idan aka raba 42 da 8 za a sami milimita 5.25, wanda shi ne faɗin hasken da ke fitowa daga madubin ya shiga ido. Mutum zai iya ganinsa da kansa idan ya riƙe madubin nesa da fuskarsa ya fuskanci sarari, zai ga wani ɗan da'irar haske a tsakiyar gilashin baya. Ƙofar da haske ke shiga a ƙwayar idon ɗan Adam takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3 da tsakar rana, ta buɗe har kusan 7 a cikin duhu ga mai ƙuruciya, sannan buɗewar tana raguwa da shekaru. Saboda haka da rana tsaka ƙaramin madubin aljihu mai lamba 8x25 ma ya isa, amma da duku-duku nasa hasken, wanda bai wuce milimita 3 da ɗan kaɗan ba, yakan bar ido cikin yunwa. Mai lamba 10x42 yana ba da 4.2, wanda ba laifi, sai dai bai kai wannan ba.

Wata safiya na zauna a gindin wata bishiya, hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba, na hango wani abu fari-fari a cikin ganyen bado. Da na ɗaga madubin sai ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, wuyansa a lanƙwashe, idonsa rawaya yana kallon ruwa ko ƙiftawa babu. Na fi minti goma ina kallonsa kafin ya miƙe wuyan a hankali, ya kai sara sau ɗaya, ya ɗago da ɗan kifi a gicciye a bakinsa, ya juya shi har kan ya fuskanci maƙogwaro sannan ya haɗiye. Na ga kumburin kifin yana gangarawa a wuyansa, na ga ɗigon ruwa yana zuba daga tsinin baki. Da ido kawai, abin da zan gani bai wuce wani tsuntsu da ya sunkuya ya ɗago ba.

Ta fuskar ƙira, nawa daga cikin masu miƙaƙƙen jiki ne. Tsohuwar ƙirar da aka saba gani, wadda gilasan gabanta suka fi na baya nisa da juna, tana ɗauke da sunan Ignazio Porro, ɗan ƙasar Italiya da ya yi rajistar fasahar a 1854. Har yanzu tana da kyau, kuma sau da yawa takan ba da gani mai tsabta a kan kuɗi kaɗan, amma ta fi girma kuma ta fi wuyar toshewa daga ruwa. Miƙaƙƙen kuwa an rufe shi ruf, an cika cikinsa da iskar naitorojin domin kada gilashi ya yi gumi daga ciki idan an fito daga sanyi zuwa zafi. Ruwan sama ya taɓa dukana da shi fiye da sau ɗaya, raɓa ta jiƙa shi, ƙura ta lulluɓe shi, amma ko sau ɗaya ban ga danshi a cikinsa ba. Ga mai yawon bakin ruwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin madubin da danshi ya shiga yakan yi fumfuna a ciki, kuma gyaransa sai ƙwararre.

Mai sanya tabarau ya kula da abu ɗaya kafin ya biya kuɗi. Kowane madubi yana da iyakar nisan da ido zai tsaya daga gilashin baya ya ga filin gaba ɗaya, kuma mai tabarau yana bukatar aƙalla milimita 15 ko 16. Nawa yana da kofunan ido da ake murɗawa su sauka, don haka ina gani sosai ba tare da na cire tabarau ba. Akwai kuma wani zobe a gefen dama wanda mutane da yawa ba su san amfaninsa ba, alhali shi ne ke daidaita bambancin ƙarfin idanu biyu. Ana rufe gilashin dama a saita hagu da babban mamurɗin tsakiya, sannan a rufe hagu a saita dama da zoben. Na yi makonni ina fama da ciwon kai bayan kowace fita kafin na gane cewa laifina ne, ban saita shi ba.

Yana da nasa aibin, kuma ba zan rufe ba. Igiyar da ta zo da shi siririya ce, ga nauyinsa ya kusa giram 700, bayan awa uku na tafiya sai wuya ya fara ƙorafi. Dole na sauya ta da irin wadda ake ratayawa a kafaɗu biyu. Murafen gilashin gaba sakwa-sakwa suke, ɗaya ya faɗi cikin ciyawa a wata na farko ban ƙara ganinsa ba. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne ingancin gilashin kansa. Tsakiyar gani tas take, amma can gefe-gefe abu yakan ɗan dushe, kuma idan balbela fara ta tsaya a gaban ruwa mai duhu da rana mai ƙarfi, nakan ga siririn layi mai launin shuɗi ko kore a gefen jikinta. Wannan shi ne abin da masu tsada suke kawarwa da gilashi na musamman, kuma a nan ne kuɗinsu yake tafiya. Haka kuma a babban tafki, inda dinya ko gauraka kan tsaya a nisan rabin kilomita, lamba 8 takan gaza, sai dai a nemi dogon madubi mai ido ɗaya da ake kafawa a kan ƙafafu uku.

Akwai wani amfanin da ba a rubuta shi a jikin kwali ba. Kafin na same shi nakan matsa kusa da dabba don in gani da kyau, sai ta firgita ta gudu, ko tsuntsuwa ta tashi ta bar ƙwanta a rana. Yanzu daga nesa nake tsayawa, su ci gaba da harkarsu kamar ba kowa. A ruwan da ke da kada ko dorina kuwa, nisan nan kariya ce ga mai kallo, kuma nakan bi bakin gaɓa da madubin tukuna kafin in sauka, domin abin da ido ya ɗauka gungume ne wani lokaci yana da idanu biyu a samansa.

Wanda yawonsa na rana tsaka ne kuma yake ƙin nauyi, mai lamba 8x32 zai wadatar da shi. Wanda ke fita tun asuba, ko yake zama har rana ta faɗi yana jiran barewa ta zo ruwa, 8x42 nake ba shi shawara, da sharaɗin ya gwada shi da idonsa kafin ya saya, ya kuma haɗa da igiyar kafaɗa da ɗan burushi mai laushi na kaɗe ƙura, saboda goge gilashi da bakin riga shi ne ya fara yi wa nawa zane.