Wata huɗu ina naɗar kiɗa da Audacity

Sana'ata sa kiɗa ce a wuraren biki nan Kaduna, kamu da dina. Ana tashi sai ƙawayen amarya su tare ni: "DJ, don Allah tura mana haɗin nan a waya." Ni kuwa ba ni da abin turawa, don duk abin da na haɗa a kan miksa, na'urar haɗa sauti, a wurin yake ƙarewa. Shi ya sa na koma zama a ɗakina a Tudun Wada ina sake haɗawa, ina naɗa a tsohuwar laftof ɗina da Audacity.

Manhajar kyauta ce, tun shekarar 2000 ake amfani da ita, kuma ba ta da nauyi. Laftof ɗin da ke nishi idan na buɗe bidiyo ta ɗauke ta lafiya lau.

Ranar farko na sha haushi. Na jona waya daga miksa kai tsaye zuwa ramin makirufo, sauti ya fito kamar ana suyar ƙosai. Har na fara zargin manhajar, sai wani mai gyaran sifika a Kasuwar Sheikh Gumi ya ce min, "Malam, ramin nan don 'yar muryar makirufo aka yi shi, sautin miksa ya fi ƙarfinsa, kuma kunne ɗaya yake ɗauka." Ya sa na sayi ɗan akwatin sauti na USB, bai kai sabulun wanka girma ba, mai ramuka ja da fari. Daga nan sauti ya washe, hagu da dama kowanne da nasa.

Saura wani gurnani da ke bin ƙarƙashin kiɗan. Kwana biyu ina canza wayoyi, ashe caja ce. Ina zare ta ya yi tsit. Yanzu da batir nake naɗa, da ma wutar tamu ba abin dogaro ba ce.

Abin da na fi so shi ne ma'aunin ƙarar da ke saman manhajar. Ina tsayar da shi wajen -6, domin in ya taɓa 0 sauti ya fashe ke nan, gyaransa sai da wuya. Gara a ɗauka ƙasa-ƙasa a ƙara daga baya. A kula da wurin ajiya kuma: WAV, fayil ɗin sautin da ba a matse ba, na cin kusan MB 10 a minti ɗaya, awa guda ta haura MB 600. Shi nake adanawa, in fitar da MP3 mai 128 kbps, kusan MB 58 a awa guda, don turawa ta WhatsApp, tunda kowa kukan data yake.

Kada wani ya ɗauka Audacity za ta haɗa masa waƙoƙi. Naɗa da yanka da gyara ne aikinta, haɗi yana hannunka. Kuma ba ta rufa asiri: a naɗin makon jiya na ji wurare uku da na shigo da waƙa kafin lokacinta, abin da hayaniyar 'yan rawa ta daɗe tana ɓoye min.