Milimita 6 ko milimita 10: wanne za ka ɗauka don yaƙin Waterloo?

Malam, ka ce kana son fara tara 'yan sojojin dalma na zamanin Napoleon don wasan yaƙi a kan tebur, idonka na kan Waterloo, yaƙin da Napoleon na Faransa ya gwabza da sojan Ingila da ƙawayenta, teburin naka kuma ƙafa 6 ne a ƙafa 4. Ka tambaya, tsakanin 'yan milimita 6 da 'yan milimita 10, wanne ya fi sauƙin fenti da kafawa a kan dandamali, wato ɗan katakon da ake tsayar da su a kai. Duka biyun sun bi ta hannuna, kowanne kuma na yi ɓarnar fenti a kansa kafin in gane kansa.

A baki, bambancin milimita 4 kamar ba komai ba ne. A tafin hannu kuwa abin ba haka yake ba. Ɗan milimita 6 bai fi ƙwayar shinkafa ba, ma'auninsa kusan 1 bisa 300 na girman mutum. Ɗan milimita 10 ya kusa 1 bisa 160, kuma da yake ya fi tsawo ya fi kauri, wurin da buroshi zai taɓa ya ninka fiye da sau biyu. A jikinsa za ka ga fuska, jakar goyo, har da ɗamarun nan biyu farare da suka gitta a ƙirji. Duk abin da ido ya gani kuwa, zuciya ba ta yarda a tsallake shi. Nan lokaci yake tafiya.

Ga yadda nake yi wa 'yan 6. Na Baccus, kamfanin da ke Sheffield a Ingila, sojan ƙasa suna zuwa huɗu-huɗu a manne, kafaɗa da kafaɗa. Ina jera su a kan tsinken askirim da ɗan ɗigon gam, in fesa musu baƙin fenti, in bari su bushe. Daga nan babu zancen zane, ɗige ne kawai: ɗigo a riga, ja biyu a wando, ɗigo a fuska, ɗan layin ruwan azurfa a wuƙar bakin bindiga. Baƙin da ya rage a tsakani shi ne inuwa, shi ne kuma yake raba hannu da gangar jiki. Doguwar hular ma ba ka taɓa ta, ai da ma baƙa ce. Launi ɗaya kake bi da shi har ƙarshen sahu kafin ka wanke buroshi. Tsakanin isha'i da lokacin barci nakan gama mutum 48 ban matsa wa kaina ba.

Abin da zai ba ka wahala shi ne launi. Rigar sojan Faransa shuɗi ce mai duhu sosai, ni kuma farkon farawata na dage sai na bi tarihi sak. Na haɗa shuɗin daidai, na shafa a kan baƙi. A ƙarƙashin fitila, kusa da hanci, tubarkalla. Da na ajiye su a tebur na miƙe tsaye, sai na ga tururuwa sun yi layi. Bataliya shida na sake. Abu in ya ƙanƙance hasken da yake mayarwa kaɗan ne, saboda haka dole ka ƙara wa kowane launi haske fiye da na gaskiya. Shuɗin Faransa ka kai shi kusa da ruwan bula. Jan Ingila ka sa shi ja wur, har ya ɗan karkata ruwan lemo. Kada ka duba aikinka a nesan taki ɗaya, miƙa hannunka iyakar tsawonsa ka duba, don a nan za a riƙa ganinsa ranar wasa.

'Yan 10 ba sa yafe wannan gaggawar. Na Pendraken, su ma 'yan Ingila ne daga Middlesbrough, akasari ɗaiɗai suke zuwa, kowa sai an juya shi gaba da baya. A nan na fi son shimfiɗar fari ko ruwan toka, in cika launuka, sannan in bi da tsinkakken fenti mai ruwan ƙasa ya kwanta a lunguna ya fito da ninkin riga. Sakamakon yana da kyau, ba na musu. Mahayan Faransa masu sulke a ƙirji, in ka gama su a 10, sai ka yi ta ɗaga su kana kallo. Amma daren da ya ba ni 48 a can, a nan da ƙyar yake ba ni 20.

Sai dandamali, kuma a ganina nan maganar take. A milimita 10 dandamali wurin tsayawa ne kawai, soja ke jan ido. A milimita 6 dandamalin rabin hoton ne. Ɗan katako mai milimita 60 a 30, wanda dokokin wasa na Baccus masu suna Polemos suke amfani da shi, yana ɗaukar sahu biyu na mutum 12, wato 24, har a sami sararin hafsa a kan doki da 'yan harbi biyu a gaba. Katakon nan in ka ba 'yan 10, sun cika shi maƙil da mutum 16, ba wurin numfashi. To ka tuna abin da kake son nunawa. Ranar 18 ga Yuni 1815 Napoleon yana da mutum kusan dubu 73, Wellington, kwamandan Ingila da ƙawayenta, kusan dubu 68, kafin sojan Prusha na Blücher su iso da yamma, duk a fagen da faɗinsa bai fi kilomita 4 da wani abu ba. Abin da ake tunawa da ranar cunkoso ne: sahun Ingila siriri mai layi biyu, Faransawa suna tahowa a dunƙule, murabba'in dakaru dawakai na kewaya shi. A 6 za ka iya gina murabba'in nan a kan katako ɗaya, da tuta a tsakiya, wanda ya leƙo daga ƙofa ma ya gane shi. A 10 sai dai ka ce wa abokin wasa, ɗauka waɗannan takwas ɗin murabba'i ne.

Kuskurena na biyu yashi ne. Na ɗebo yashin gini na barbaɗa a kan farin gam na kafintoci. Lissafin da ban yi ba: ƙwayar yashi mai milimita 1, a ma'aunin 1 bisa 300, dutse ne mai santimita 30. Dakaruna suka tashi kamar masu tafiya a fasa dutse. Yanzu sai na tankaɗe shi da rariyar gari, wanda ya fi laushi shi nake ɗauka. In ya bushe in shafa ruwan ƙasa, in goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa, in bi sama-sama da launin ƙasa mai haske. Dandamali mai duhu yana haɗiye ƙananan sojoji, mai haske yana fito da su. Ciyawar roba ma haka: mai milimita 2 tana kai wa ɗan 6 cinya, don haka tsilli-tsilli ake sa ta, nesa da ƙafafu. Ko da yake a Waterloo hatsin gonakin ya yi tsawo ƙwarai a lokacin, kuma an kwana ana ruwa, to in ciyawarka ta yi yawa ko ƙasarka ta yi caɓi, kana da hujja. 'Yan 10 ba su da wannan tsirfar, yashi matsakaici da ciyawa mai milimita 2 sun zauna musu daidai.

Abu ɗaya da 'yan 10 suka fi babu gardama: ido. In ka fara nisanta takarda kafin ka karanta, 'yan 6 za su nemi fitila mai ƙarfi da tabarau. Haka kuma in daɗin fentin kake nema fiye da wasan, ko ƙananan artabu kake so irin na gidan gonar Hougoumont da ke fagen Waterloo, ɗauki 10 ba ka yi asara ba.

Amma kai Waterloo ka ce, da tebur mai ƙafa 6. Ɗauki 6. Kada dai ka gauraya kamfanoni a kan katako ɗaya: na Heroics & Ros sirara ne, na Baccus masu jiki, na Adler sun ɗan fi tsawo da manyan kawuna, in suka tsaya sahu ɗaya sai ka ce yaya da ƙane. Sayi fakiti ɗaya na sojan ƙasa na Faransa tukuna, ka gama katako biyu har da tuta da ciyawa, ka ajiye su a ƙarshen tebur, ka koma ɗaya ƙarshen ka tsaya. In shuɗin ya fito daga nan, sai ka yi odar sauran.