Rigar Leicester City ta kakar 2015/16: abin da za ka duba kafin ka fitar da kuɗinka

Idan aka ajiye wannan riga a kan tebur aka rufe tambarin ƙirjinta, babu wanda zai ce tana da wani abin a zo a gani. Shuɗiya ce fes, da ɗan adon ruwan zinariya kaɗan, sai KING POWER, sunan kamfanin da ke ɗaukar nauyin kulob ɗin, da farin rubutu a gaba. Kamfanin Puma ne ya ɗinka ta da yadin roba irin wanda yake kira dryCELL, mara nauyi, mai saurin bushewa idan an yi gumi. A fannin ɗinki da yadi matsakaiciya ce, ba ta fi sauran rigunan Puma na wancan lokaci ba. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne abin da aka yi a cikinta, kuma saboda haka ne jabunta ya cika kasuwa.

A cikinta ne Leicester ta ɗauki kofin Firimiya na Ingila karo na farko a tarihinta, ƙarƙashin Claudio Ranieri, da maki 81: nasara 23, canjaras 12, rashin nasara uku kacal, biyu a hannun Arsenal, ɗaya a hannun Liverpool. Ta ba Arsenal da ta zo ta biyu ratar maki 10. Shekara ɗaya kafin nan ƙungiyar ta daɗe a ƙasan tebur, sai da ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe sannan ta tsira a mataki na 14. Kofin ya tabbata ranar 2 ga Mayu 2016, lokacin da Chelsea da Tottenham suka tashi 2-2 a Stamford Bridge, kuma kyaftin Wes Morgan ya ɗaga shi ranar 7 ga wata a filin King Power bayan an ci Everton 3-1. Tun kafin kakar ta ƙare rigar gida ta ƙare a shagon kulob ɗin, domin babu wanda ya yi lissafin cewa duniya za ta neme ta haka. Ta asali ba ta da yawa ke nan, kuma wadda ke da kyau yanzu kuɗinta ya wuce yadda aka sayar da ita sabuwa.

Wurin da ya fi tona asirin mai sayarwa shi ne hannun riga. Kakar 2015/16 ita ce ta ƙarshe da gasar ta ɗauki sunan bankin Barclays, don haka bajon da ya dace shi ne tsohon, mai cikakken zaki da sunan Barclays a jiki. Sabon tambari mai kan zaki kaɗai ya fara ne a 2016/17. Sau da yawa za ka ga an manna wa wannan riga bajon zakara mai ruwan zinariya don ta ƙara sheƙi a hoto. Wannan kuskure ne. A kakar da ake magana Chelsea ce ke sa na zinariya, domin ita ta ci kofin 2014/15. Leicester ba ta sa nata ba sai a rigar kakar da ta biyo baya. Haka kuma bai kamata a ga tallan wani kamfani a hannu ba, saboda gasar ba ta ba da damar hakan ba sai 2017/18.

Sai suna da lamba, inda aka fi tafka ɓarna. Lambobin Firimiya na wancan zamani suna da ɗan ƙaramin zaki a ƙasan kowace lamba, kuma salon rubutun ya canja daga 2017/18, saboda haka rubutun zamanin yanzu a bayan rigar 2015/16 alama ce ta cewa daga baya aka buga shi. Sunayen da suka dace su ne Vardy 9, Mahrez 26, Kanté 14, Drinkwater 4, Morgan 5, Huth 6, Albrighton 11, Okazaki 20, Fuchs 28, Simpson 17, Ulloa 23, King 10. Schmeichel lamba 1 ne, amma mai tsaron gida ba ya sa shuɗiyar 'yan fili, don haka sunansa a kanta bai zauna ba. Musa 7 ma haka: Ahmed Musa ya zo daga CSKA Moscow ne a Yulin 2016, bayan an riga an ɗauki kofin. Wilfred Ndidi ya iso a Janairun 2017, Kelechi Iheanacho kuma a Agustan 2017. Duk wanda ke son sunan ɗayansu, rigar kakar da ya buga ya kamata ya nema.

A ganina wadda ta fi cancantar kuɗi ita ce mai Kanté 14. Kaka ɗaya tak ya yi a kulob ɗin, daga Caen ya zo, Chelsea ta ɗauke shi a Yulin 2016, saboda haka sunansa bai taɓa hawa wata rigar gida ta Leicester ba sai wannan. Ta Vardy ce aka fi nema, kuma da dalili: ƙwallo 24 ya ci, kuma a wannan shuɗiyar ya zura wa Manchester United ranar 28 ga Nuwamba 2015, wasa na 11 a jere da ya ci ƙwallo, ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy. Amma yawan neman nata shi ya sa jabunta ya fi na kowa yawa. Mahrez, da ƙwallo 17 da kyautar gwarzon shekara ta ƙungiyar 'yan wasa, yana tsakiya wajen tsada da wajen haɗari.

Kada ka yarda da hoton gaba da baya kaɗai. Ka sa mai sayarwa ya juya rigar ya ɗauki hoton takardun da aka ɗinka a gefen ciki, daga ƙasa. A nan Puma ke sa lambar samfurin kayanta. Ka rubuta lambar a intanet: idan ta fito da rigar Leicester ta wannan kaka, ka sami alama mai kyau, idan ta fito da rigar wani kulob ko wani wando, ko ba ta fito da komai ba, ka janye. Masu jabu sukan buga lamba ɗaya a kan dubban riguna daban-daban. Ka kuma nemi hoton tambarin kulob daga kusa, ka gwada shi da hotunan wasannin kakar. A jabu fuskar dilan da ke cikin tambarin takan karkace, idanunsa ba sa daidaita, haruffan da suka zagaye shi wani ya fi wani kauri. Ɗinkin ciki a kafaɗa da hammata ma yana magana: na asali layi ne madaidaici, na jabu zare na lilo, wani wuri ya tattare. Mai sayarwar da ke da ita a kowane girma, sababbi fil a leda, a farashi mai sauƙi, ba ta asali yake sayarwa ba, domin an daina yin ta tun 2016.

Game da girma, kada ka dogara da harafin M ko L da ke wuya. Rigar da ta sha wanki shekara da shekaru takan canja. Ka shimfiɗa wata rigarka da ta yi maka daidai, ka auna daga hammata zuwa hammata da kuma daga kafaɗa zuwa ƙasa, ka nemi mai sayarwa ya auna tasa haka. Bambancin santimita biyu ba komai ba ne, amma idan ya kai huɗu za ka ji shi a jiki.

Raunin rigar na gaskiya yana wajen rubutun da aka manna da zafi. Yadin kansa yana da juriya, sai dai yana saurin kama ƙaya ko zif ya ja zare, amma suna da lamba da bajon hannu gam ne ke riƙe da su, kuma gam yana tsufa. Da farko gefen harafi zai ɗago, daga nan ya tsage, wani lokaci ya yi danƙo ya manne da yadin da ke kusa idan an ninke rigar a wuri mai zafi. Abin da ke hanzarta wannan shi ne ruwan zafi, injin busar da kaya, guga kai tsaye, da ruwan tausasa tufafi, wanda ke raunana gam ɗin kuma ya toshe ƙofofin yadin. A wanke ta a juye, da ruwan da bai wuce digiri 30 ba, da sabulu kaɗan, ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa. Wajen ajiya a rataye ta, ko a sa farar takarda mara rubutu tsakanin lamba da yadi kafin a ninke.

Idan gefen harafi ya fara ɗagowa, ana iya ceto shi tun da wuri. A shimfiɗa rigar a kan abu mai tauri, a sa takardar gashin burodi a kan harafin, a danna dutsen guga mai matsakaicin zafi, ba tururi, na daƙiƙa 10 zuwa 15, ba tare da gogawa ba, sannan a bar shi ya huce kafin a ɗaga takardar. Harafin da ya riga ya tsage ko ya yi danƙo ba ya gyaruwa ta wannan hanya, zafi ƙara lalata shi zai yi.

Wanda ke son rigar da zai sa ya buga ƙwallo kowane mako, wannan ba tasa ba ce, kuɗin ya yi yawa a kan yadin da ba shi da wani fifiko. Wanda ke son ajiye wani abu daga kakar, ya fi masa alheri ya sayi ta asali mara suna a baya, ko da ta ɗan koɗe, a kan mai Vardy 9 da bajon da bai dace ba. Mara suna ba ta da abin da zai ɓare a baya, ta fi sauƙin kuɗi, kuma ana iya kai ta wurin masu buga lambobin tsofaffin riguna daga baya, muddin an tabbatar salon rubutun na kafin 2017/18 ne, mai zaki a ƙasan lamba.