St John's Wort ko gyaran abinci: wanne ya dace da mai fama da damuwa da kasala?

Malama, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce wata biyu ke nan kina tashi a gajiye, ranki ba daɗi, barci ba ya ɗaukarki da wuri, abubuwan da kike so a da duk sun fita daga ranki. Ba kya son fara maganin asibiti. Kin ga ana tallar ƙwayoyin ganyen St John's Wort a intanet, wata ƙawarki kuma ta ce ki gyara cin abinci kawai, shi ne kike tambaya wanne ya fi. A ƙarshen saƙon kika ambaci cewa kina shan ƙwayar tsarin iyali, kamar abin da bai shafi maganar ba. Ya shafe ta ƙwarai, kuma shi zai yanke hukunci tsakanin biyun.

Shi wannan ganye tsiro ne mai furen ruwan ɗorawa, asalinsa daga Turai da yammacin Asiya da arewacin Afirka, masana suna kiransa Hypericum perforatum. Idan kika ɗaga ganyensa saitin rana za ki ga ƙananan ɗigo masu haske sun cika shi, idan kuma kika murje furen tsakanin yatsu zai bar miki jan ruwa. Ba ƙarya ake yi ba da ake cewa yana aiki. A 2008 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken likitanci da tace shi, ta haɗa gwaje-gwaje 29 da aka yi wa mutum sama da 5,400. Ta samu cewa ga ciwon damuwa mai sauƙi da matsakaici, ganyen ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta, ya yi kunnen doki da magungunan asibiti, kuma waɗanda suka daina sha saboda ya dame su ba su kai na maganin asibiti yawa ba. Sai dai gwajin da aka yi a ƙasashen da ake Jamusanci ya fi ba shi sakamako mai kyau fiye da na sauran wurare. A Amurka, wani gwaji na mutum 340 da aka wallafa a 2002 bai ga ya fi ƙwayar wofi ba ga masu damuwa mai ɗan tsanani, ko da yake maganin asibitin da aka gwada tare da shi ma bai yi fice ba.

Hujjar abinci ba ta kai wannan kauri ba, gaskiya ke nan. Gwajin da aka fi ambata shi ne wanda Farfesa Felice Jacka da abokan aikinta suka yi a Ostareliya, aka wallafa a 2017. Mutum 67 ne masu ciwon damuwa. Rabinsu suka riƙa zama da masanin abinci har mako 12, yana ɗora su a kan kayan lambu, 'ya'yan itatuwa, hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, wake da danginsa, kifi aƙalla sau biyu a mako, ƙwai, nama marar kitse da man zaitun, suna rage kayan zaƙi, soye-soye da lemon kwalba. Sauran rabin kuma ana zama da su ana hira kawai. A ƙarshe kashi 32 cikin 100 na masu gyaran abinci sun warware, a ɗaya ɓangaren kashi 8. Adadi ne mai faranta rai, amma mutum 67 ba su da yawa, kowa ya san ɓangaren da yake, kuma yawancinsu dama suna kan magani ko suna ganin likitan ƙwaƙwalwa. Abincin ƙari ya zama a kan magani, bai maye gurbinsa ba. A 2019 wani gwaji a ƙasashen Turai huɗu, na mutum 1,025, ya ba wasu ƙwayoyin man kifi da bitamin D da wasu sinadarai shekara guda, ya koya wa wasu tsarin cin abinci, kuma babu wanda ya hana damuwar tasowa yadda aka yi fata. Don haka kada ki ɓata kuɗinki kan tarin kwalaben bitamin da sunan maganin damuwa.

Idan ƙarfin hujja kan rage damuwa kaɗai ake dubawa, ganyen ya yi gaba. Wajen sauri ma haka: shi yakan ɗauki makonni kafin a ji bambanci, abinci kuma watanni. Amma da an zo kan haɗari sai lissafin ya juye gaba ɗaya, kuma nan nake so ki tsaya ki karanta da kyau.

A cikin ganyen akwai sinadarin da ake kira haifaforin. Idan ya shiga jiki yana zaburar da hanta ta ƙara yawan sinadaran da take narkar da magunguna da su, kamar mai shara ne da aka ƙara wa himma har ya share abin da aka ajiye da gangan. Duk maganin da ke bi ta wannan hanya sai ya fita daga jini kafin ya gama aikinsa. Ƙwayar tsarin iyali tana cikinsu. Mata sun ga jini yana zuwa musu a tsakiyar wata, wasu kuma sun sami ciki suna tsaka da shan ƙwaya ba fashi. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sake yin gargaɗi a kai, ta ce har ashanar da ake sawa a damtse ba ta tsira ba. Ba nan ya tsaya ba. A 2000 likitoci a birnin Zurik na Suwizalan suka ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin sabuwar zuciyar saboda ganyen ya rage ƙarfin maganin da ke kare ta. A shekarar ne wani bincike a Amurka ya nuna ya rage wani maganin cutar ƙanjamau a jini da kashi 57 cikin 100. Haka yake yi wa wafarin da ake sha don tsinka jini, da wasu magungunan zuciya da na farfaɗiya. Idan kuma aka haɗa shi da maganin damuwa na asibiti, sinadarin serotonin, wanda ke da hannu a yanayin rai, yana iya yin yawa a jiki, sai zufa, karkarwa, bugun zuciya da ruɗewa, abin da ke kai mutum asibiti da gaggawa. Shi ya sa ƙasar Ayalan ta hana sayar da shi sai da takardar likita tun 2000. Ga kuma matsalar abin da aka sayo a intanet: kwalba biyu masu suna ɗaya ba lalle ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Abin yana ci mini rai idan na ga an rubuta "na ganye ne, ba shi da illa" a kan irin wannan. Duk abin da ke da ƙarfin sauya yanayin ƙwaƙwalwa magani ne, ko daga gona ya fito ko daga masana'anta, kuma dole a girmama shi yadda ake girmama magani.

Shi abinci ba ya faɗa da ƙwayarki, kuma yana taɓa wani wuri da ganyen ba ya kaiwa, wato gajiyar da kika fara ambata. Ba kowace kasala ce daga zuciya take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma babban dalili shi ne ƙarancin sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke yin jini da shi, musamman ga mai zubar da jini da yawa lokacin al'ada. Alamominsa suna kama da na damuwa har su rikita mutum: mutuwar jiki, rashin tattara hankali, saurin fushi, haki idan an hau bene. Ki tsaya gaban madubi ki ja fatar ƙasan idonki. Idan cikinta ya yi fari-fari maimakon ja, alama ce, ko da yake gwajin jini ne kaɗai zai tabbatar. Ƙasa da giram 12 a ma'aunin himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ga macen da ba ta da ciki, ƙarancin jini ne. Jiki ya fi saurin ɗaukar ayon da ke cikin nama, hanta da kifi. Na wake da ganyaye yana buƙatar taimakon bitamin C, irin na lemon zaƙi ko tumatir, a ci su tare. Shayi da kofi kuma suna hana shi shiga, don haka a bar tazarar kamar awa guda tsakaninsu da abinci. Ƙarancin bitamin B12, wanda ake samu a nama, ƙwai, kifi da madara, shi ma yana kawo kasala da mantuwa, haka ma raunin aikin tairod, wata 'yar gaɓa da ke wuya. Ko kwalba goma ta St John's Wort kika sha ba za ta gyara ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Kuma idan gwaji ya nuna jinin ya yi ƙasa sosai, abinci kaɗai zai yi jinkiri, sai an haɗa da ƙwayar ayon na wasu watanni, a kuma ɓoye ta daga yara domin tana iya hallaka ƙaramin yaro idan ya sha da yawa.

Kan barci, abu ɗaya kawai: rabin sinadarin kafin, mai hana barci, da ke cikin kofi ɗin da kika sha da la'asar yana nan a jininki bayan kamar awa biyar. Ki gwada mayar da shi na safe.

To, a halin da kike ciki, ni ban ga wurin ganyen nan ba. Ki fara gyaran abincin tun yau, a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Amma kada ki tsaya nan. Damuwar da ta wuce mako biyu tana hana mutum jin daɗin komai ta isa a kai ta gaban likita, taki kuwa wata biyu ce. Zuwa wurin likita ba ya nufin dole a ɗora ki a kan ƙwaya: ki nemi a gwada jininki, ayon, B12 da tairod, ki kuma tambayi maganin da ake yi ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wanda shi ake fara bayarwa ga damuwa mai sauƙi. Idan har tunanin cutar da kanki ko gajiya da rayuwa ya taɓa zuwa miki, kada ki jira gobe, ki faɗa wa wani na kusa da ke, ku tafi asibiti yau.

Idan kuma kin riga kin saya kin fara sha, ki ɗauki kwalbar ki nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna, ki faɗa masa ranar da kika fara. Tasirinsa a hanta ba ya gushewa ranar da aka daina, shi ya sa ake ba masu shan ƙwayar tsarin iyali shawarar ƙara wata kariya har kwana 28 bayan sun ajiye shi.